Tafiyar buɗe ido ta miji da mata: Yankari ko tsaunin Mambila?

Ɗan Gwale ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar 'yan'uwa waɗanda suka saba fita yawon buɗe ido tare da matansu ko mazajensu, musamman waɗanda suka taɓa shiga daji ko suka hau tsauni, ba waɗanda yawonsu ya tsaya a otal da manyan kantunan birni ba. Ni ma'aikaci ne a Kano, maiɗakina kuma malama ce da ke koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare. Tun muna neman aure take cewa babu abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya a aikinta kamar ta tsaya gaban allo tana yi wa yara bayanin tsauni da kwari da maɓuɓɓugar ruwa, alhali ita kanta hawanta bai wuce Dala da Goron Dutse ba. Na yi mata alkawari tun a lokacin cewa in Allah ya hore zan kai ta ta gani da idonta, ga shi yanzu an samu ɗan abin da ba a rasa ba, alkawari kuwa kaya ne.

Wurare biyu muke magana a kansu, kuma har yanzu bakinmu bai zo ɗaya ba. Ita hankalinta yana kan tsaunin Mambila da ke Jihar Taraba, domin a yankin ne wuri mafi tsawo a Nijeriya yake, kuma hotunan gonakin shayi da ta gani sun tsaya mata a rai. Ni kuwa na fi karkata ga dajin Yankari na Jihar Bauchi, saboda ya fi kusa, kuma ina ganin ƙaramar motata za ta iya kai mu ta dawo da mu ba tare da na dogara da kowa ba. Ina so in ji daga waɗanda suka je wanne ya fi dacewa da ma'auratan da ba su taɓa irin wannan fita ba, da kuma lokacin da ya fi kyau a shekara. Ina kuma son sanin yadda mace mai kula da suturarta take yi a irin waɗannan wurare, domin an gaya mini cewa rabin daɗin Yankari yana cikin wanka a maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki ne, ni kuwa ba na so in kai ta ta zauna a gefe tana tsaron takalmana.

Akwai kuma batun Hajiyarmu, wato mahaifiyata. Da na ɗan gutsura mata zancen sai ta yi shiru, can daga baya ta ce ita dai a saninta mace takan bar ɗakinta ne don biki ko ta'aziyya ko asibiti ko aikin Hajji, ba don ta je kallon birai ba. Ba ta hana ba, amma duk wanda ya san Hajiya ya san abin da shirun nan yake nufi. Muna da yara ƙanana biyu, kuma ba mu yanke ko da su za a tafi ba.

Maman 'Yan Biyu ta rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri bisa niyyar cika alkawari, domin maza da yawa sukan yi irin wannan alkawarin a zaure ranar zance, su manta da shi ranar da aka kai amarya. Ni a Gombe nake, kuma ni da maigidana mun daɗe da mayar da irin wannan fita al'adarmu, saboda haka zan yi magana ne a matsayin mace, tunda tambayarka rabinta ta mata ce.

Shawarata ku fara da Yankari. Ba don kusancinsa kaɗai na faɗi haka ba, sai don fitar farko ita ce take yanke hukunci a kan ko za a yi ta biyu. Idan kuka dawo a gajiye, mota ta lalace, ga faɗa a hanya, to an rufe wannan babin ke nan a gidanku, kuma Hajiya ta samu hujjar da ba za ka iya ture ta ba. Yankari wuri ne da aka daɗe da shirya shi don baƙi. An keɓe dajin tun 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan aka mayar wa Jihar Bauchi da shi a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, amma masauki da gidan abinci da ruwan ɗumin duk suna wuri ɗaya ne a sansanin Wikki, don haka ba za ku kwana a tanti ba. Daga garin Bauchi za ku kama hanyar Gombe, ku karya a Dindima, ku bi har ƙofar dajin a Mainamaji, daga ƙofar kuma akwai sauran tafiyar kilomita kusan 40 a cikin dajin kafin a kai sansanin. Mutane da yawa ba sa lissafa wannan ragowar tafiyar, shi ya sa magariba take riskar su a ƙofa.

Game da lokaci, sai kun zaɓi ɗaya cikin biyu, domin ba a samun su a haɗe. A lokacin hunturu, wato Disamba da Janairu, jiki yana jin daɗi, dare yana da sanyi, kuma a lokacin ne ruwan ɗumi ya fi armashi, sai dai ciyawa ba ta gama kwanciya ba kuma akwai sauran ruwa a tafkuna, saboda haka namun dajin a warwatse suke. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu kuwa zafi ne mai tsanani, amma tafkuna sun ƙafe, dole kowace dabba ta gangaro kogin Gaji ta sha, kuma a bakin kogin ne motocin zagaya suke bi. Wanda burinsa ya ga giwa, bazara ce lokacinsa. Ni dai in an bar ni da zaɓina bazara zan ɗauka, in sha zafin da rana a ɗaki, in fita da sassafe da kuma bayan la'asar, waɗanda dama su ne lokutan da ake zagayen.

Kada ku shiga da tsammanin abin da ake nunawa a talabijin. Ana iya yin sa'a guda ba a ga komai ba sai gwambaza da mazo da mugun dawa yana gudu da jela a tsaye. Zakuna sun yi ƙaranci ƙwarai, wanda ya gan su ya yi babbar sa'a. Amma neman kansa yana da nasa daɗin idan an samu jagora mai son aikinsa. Na taɓa ganin wani jagora ya sa direba ya tsaya a kan wani tulin kashin giwa da ke tsakiyar hanya, ya sauka ya tona shi da tsinke ya ga cikinsa da danshi, ya dubi rassan da aka karya a gefe waɗanda ganyensu bai ko yi yaushi ba, sannan ya ɗaga hannu ya ce kowa ya yi shiru. Ba mu yi nisa ba muka ji ƙarar karyewar itace, sai ga su suna ƙetare hanya ɗaya bayan ɗaya, uwa ta sa ɗanta a tsakanin ƙafafunta. Maigidana, wanda a gida ba ya iya minti biyar bai duba waya ba, ya manta ma da cewa yana riƙe da ita. Tunda maiɗakinka malamar labarin ƙasa ce, ku roƙi a kai ku kogunan Marshall, waɗanda mutanen dā suka fafe a jikin dutsen yashi, da rijiyoyin Dukkey masu haɗe da juna ta ƙarƙashin ƙasa, waɗanda ake dangantawa da ayarin fataken bayi. Akwai kuma ɗan gidan tarihi a sansanin, inda aka ajiye fatu da haure da tarkunan da aka ƙwace daga mafarauta.

Yanzu batun Wikki. Ruwan yana ɓuɓɓugowa ne daga ƙarƙashin wani dutse, ɗuminsa yana wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina, kuma garau yake har kana ganin farin yashin da ke ƙasansa da yatsun ƙafarka. Kusa da bakin dutsen yana da zurfin da zai shanye mutum, amma in an gangara ƙasa yana raguwa har ya dawo iya ƙugu. Wuri ne na kowa da kowa, ba a raba maza da mata ba, kuma a ranakun ƙarshen mako da lokutan bukukuwa yakan cika da ɗalibai da matasa, ta yadda mace mai kunya ba za ta ko sauka matakalar ba. Maganin wannan shi ne ku je a tsakiyar mako, ku sauka da zarar gari ya waye bayan sallar asuba, lokacin da sauran baƙi suke barci ko suke shirin fita zagaye. Ni nakan shiga da dogon wando da riga mai kauri mai duhun launi wadda ba ta manne wa jiki, da ƙaramin hijabi, in ajiye babban zane da hijabi busasshe a kan matakala, maigida kuma yana tsaye ta wajen da mutane ke saukowa. Kada ta shiga da atamfa ko doguwar abaya, domin suna yin nauyi a ruwa suna naɗe ƙafa.

Ku kula da gwaggon biri. A sansanin suke yawo kamar su ne masu wurin, sun san leda, sun san kular abinci, kuma an sha ganin sun buɗe ƙofar da ba a kulle ba. Na ga wanda ya fizge ledar burodi daga hannun wata baiwar Allah ya haye rufin ɗaki ya zauna yana ci yana kallonta. Sun fi raina mata da yara, saboda haka kai za ka riƙa ɗaukar duk abin da yake na ci. Akwai kuma ƙudan tsando a cikin dajin, wanda baƙi da shuɗin tufafi ke jawo shi, don haka ranar zagaye a sa kaya masu hasken launi da dogon hannu.

Abu na ƙarshe, kuma a wurina shi ne mafi girma. Kada ka bari ta kwashi risho da tukwane ta tafi da su. Na ga ma'aurata da yawa da suka zo hutu, mijin yana ruwa, matar tana bayan ɗaki tana yanka albasa. Wanda ya kai matarsa daji ta ƙare a bakin murhu bai kai ta ko'ina ba, kicin kawai ya sauya mata. Ku yi guzurin dambun nama da kilishi da cincin da dabino da ruwan sha mai yawa, sauran ku saya a can, ko da bai kai girkin gida daɗi ba. Ka kuma bar mata wani ɓangare na shirin ya zama nata, kamar ta riƙe taswira da lissafin kuɗi, ta zaɓi wuraren da za a tsaya. Tafiyar da aka shirya tare daban take da tafiyar da aka ɗauki mutum aka kai shi.

Jikan Arɗo ya rubuta:

Salamu alaikum. Hajiya Maman 'Yan Biyu ta yi bayani mai gamsarwa, kuma ban ƙi shawararta ba, amma ina so in yi wa Mambila adalci, domin can aka haife ni, kuma ina ganin malamar tana da gaskiya da zuciyarta ta tafi can. Ɗan'uwa, matarka ba malamar dabbobi ba ce, malamar ƙasa ce, kuma babu inda ƙasar Nijeriya take sauya kama a gaban idon mutum cikin sa'a ɗaya ko biyu kamar hawan Mambila. Za ku baro Serti cikin zafi da gumi, ku iso Mayo Selbe a gindin tsaunin, daga nan hanya ta fara nannaɗewa tana hawa, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya hannun. Kafin ku kai Maisamari za ka ga ta jawo mayafi ta rufe kafaɗa, kunnuwa sun toshe, manyan itatuwan kurmi sun koma ƙasa da ku, gaba kuma babu komai sai tuddai masu ciyawa suna bin juna har iyakar gani, shanu a warwatse a kansu. Tsayin tudun a matsakaici ya kai mita 1,600 daga teku, shi ya sa zafin rana ba ya cika wuce digiri 25, kuma shi ya sa shanu suke yabanya a can, tunda ƙudan tsando ba ya zama a wannan sanyin.

Sai dai dole in gaya maka gaskiyar nisan. Daga Kano sai ka bi Bauchi da Gombe da Numan kafin ka kai Jalingo, wannan yini guda ne cur. Daga Jalingo kuma sai Bali, sai Serti, sai hawan, sai Nguroje, sannan Gembu, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sardauna, wannan ma wani yinin ne. Ma'ana kwana huɗu na hutunku hanya ce za ta cinye su, zuwa da dawowa, kafin a yi maganar yawo. Ba na ba ka shawarar ka hau da ƙaramar motarka in ba ka saba tuƙin tsauni ba. Hawan ba shi ne abin tsoro ba, saukowar ce, domin wanda bai saba ba yakan ɗora ƙafa a birki tun daga sama har birkin ya yi zafi ya daina kamawa, alhali direbobin hanyar da babbar giya suke saukowa, injin ne yake riƙe motar. Gara ka ajiye taka a Jalingo ku shiga motar tasha, ko ku ɗauki shata in aljihu zai iya.

Wurin da malamar take magana a kai shi ne Chappal Waddi, mai tsayin mita 2,419, a kan iyakarmu da Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda shi ne mafi girma a gandayen tarayya. Ba wurin da ake zuwa da yamma a sha iska a dawo ba ne. Ana neman izini daga hukumar gandun, wadda ofishinta yake Serti, a tafi da ma'aikacinsu da masu ɗaukar kaya, a yi wani ɓangaren a kan babur, sauran a ƙafa, a kwana a rugage ko a tanti. Mata suna hawansa, na gani da idona, amma waɗanda suka saba doguwar tafiyar ƙafa ne. In kuna da wannan burin, ku fara tun yanzu kuna fita tattaki tare bayan asuba, kuna ƙara nisa a hankali, wannan ma wani yawon ne na miji da mata da ba ya cin ko sisi.

Ko ba a hau ƙololuwar ba, akwai abin gani da zai isa. Gonakin shayin da ta gani a hoto suna Kakara, kuma da safe za ku tarar da masu tsinka da kwanduna a baya, suna cire 'yan ganyen saman nan masu taushi kawai. Akwai kurmin Ngel Nyaki, wanda ya rage daga irin dazuzzukan kan tsauni, inda masu bincike suke zama. A Gashaka akwai birin nan da mutanen yankin suke kira biri mai ganga, wato chimpanzee a Turance, ko da yake ganinsa sai an yi haƙuri da tafiya. Piya da ayaba da dankalin Turawa suna da araha, kindirmo kuwa ba a magana. Za ta kuma so tarihin wurin, domin yankin yana cikin ƙasar da ta kasance a hannun Jamus, daga baya ta koma riƙon Ingila, kuma sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya zama ɓangaren Nijeriya.

Damina tana da tsawo a can, takan fara da wuri ta kai har wajen Oktoba, hanyoyin ƙauye kuma su zama taɓo, don haka daga Disamba zuwa Fabrairu ne lokacin baƙo. Ku zo da rigunan sanyi na gaske da safa da bargo, domin ruwan alwalar asuba a Nguroje yana sa babban mutum ya yi tunani. Fulatanci ne harshen kasuwa, amma Hausa za ta fisshe ku. Idan kuka shiga ƙauye ku fara gaida mai gari kafin ku ɗaga waya, kuma kada a ɗauki hoton mata ko garken mutum ba tare da an tambaya ba. A nan tafiya da mace tana da riba, domin ita za a shigar cikin gida wurin mata ta ga abin da kai ba za ka taɓa gani ba, ta fito ta ba ka labari. A taƙaice dai na yarda Yankari ne na bana, amma ka sa mata ranar Mambila, kada ta zama ranar da ba ta zuwa.

Tsohon Direba ya rubuta:

Ɗana, na karanta tambayarka da amsoshin da aka ba ka, kuma na ga duk an yi maganar daji da tsauni, an bar maganar Hajiya, alhali ita ce farkon hanya. Na yi shekaru ina jan mota tsakanin Kano da Yola, kuma abin da na gani ya sa ba na son mutum ya ɗauki hanya zuciyar mahaifiyarsa ba ta kwanta ba. Ka sani cewa ba yawon ne yake damunta ba, tsoro ne. Tana jin labarin masu garkuwa da mutane a rediyo kullum, kuma a wurinta duk abin da aka kira daji ɗaya ne. Kada ka je mata da hujja, ko da hujjar gaskiya ce. Kowa ya san Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya ya tafi da wadda ta faɗo a kanta, har ma ya taɓa yin tseren gudu da Nana A'isha a wata tafiya, amma uwa ba a kayar da ita da hadisi, lallashinta ake yi. Ka zauna ka gaya mata sunan garin da za ku kwana, da cewa wurin yana da ƙofa da ma'aikata, da ranar dawowa, ka nemi addu'arta, kuma ka bar mata jikokinta. Yara ƙanana ba su da abin yi a motar zagaye inda ake so a yi shiru, ga ruwa mai zurfi, ga birai, kuma kaka da jikoki a gabanta ba ta da lokacin zullumi. In da hali ka haɗa tafiyar da ziyarar wani ɗan'uwa a Bauchi, domin in ta ji kalmar zumunci rabin damuwar ta tafi.

Tsoron nata kuma ba na banza ba ne, saboda haka ka kiyaye ƙa'idar hanya. Ka fita bayan sallar asuba, ka bi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi, ka shiga Bauchi da rana tsaka, kada duhu ya same ka a hanya ko da za ka yi asarar kuɗin ɗaki. Kwana biyu kafin tafiya ka sa a tambayar maka direbobin tasha halin da hanyar take ciki, domin labarinsu ya fi na jarida sabunta, ka kuma kira masaukin ka tabbatar da ɗaki da yanayin yankin, tunda an sha jin rahoton 'yan bindiga a wasu ƙauyukan Alkaleri, ƙaramar hukumar da Yankari yake ciki. Mambila ma ta ga rikicin ƙabilanci mai muni a 2017, don haka duk ranar da za ku je ku nemi ɗan gari tukuna. Kada ku sanar da tafiyarku a Facebook ko WhatsApp sai kun dawo. Ka kai motar wurin bakanike ya duba birki da tayoyi da ruwan lagireto, ka tabbatar safaya tana da iska, ka cika tanki a Bauchi.

Batun salla kuwa da sauƙi. A mazhabarmu ta Malikiyya nisan ƙasaru mil 48 ne, kuma tafiyarku ta ninka haka, amma wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya zai cika sallarsa. Ka tuntuɓi malaminku kafin ku tashi domin ya warware muku sauran. Ku riƙe buta da darduma da jarkar ruwa a mota, kuma ka riƙa tsayawa inda mace za ta samu kewaye mai tsafta tun kafin ta nema, domin da yawansu sukan ƙi shan ruwa a hanya don gudun wannan, su isa da ciwon kai.

Maman 'Yan Biyu ta sake rubutawa:

Baba, Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa na karɓa, musamman maganar tsayawa a hanya, wadda ban taɓa jin namiji ya tuna da ita ba. Wuri ɗaya ne nake neman afuwa in saɓa maka, wato haɗa tafiyar da ziyarar dangi. Mun san yadda gidajenmu suke. Da zarar sun sauka a gidan ɗan'uwa za a shigar da ita cikin gida, shi a bar shi a zaure, a ce ba za su tafi ba sai sun kwana, gobe a ce akwai suna a maƙwabta, jibi kuma a haɗa su da yaran gida uku su ma su je su ga giwa. Ta haka tafiyar mutum biyu take komawa tafiyar gayya. In dole ne a yi ziyarar, a yi ta a hanyar dawowa, a gaisa a ajiye tsaraba a wuce. Kuma gara a gaya wa Hajiya gaskiyar inda za a je, domin in ta ji daga baya a bakin jikoki, surukarta za ta ɗora wa laifin, ba ɗanta ba.

Ɗan Gwale ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na ba maiɗakina ta karanta duk abin da aka rubuta, kuma mun tsaya a kan Yankari, a tsakiyar mako, yara kuma za su zauna wurin Hajiya. Na je na same ta kamar yadda Baba ya ce, na gaya mata komai ba tare da na ɓoye sunan wurin ba, ta yi addu'a, ta kuma ce in tabbatar na kira ta duk inda muka sauka. Malama ta zaɓi bazara duk da zafin, ta ce ba za ta koma gaban ɗalibanta ta ce ta je Yankari ba ta ga giwa ba, kuma ta riƙe maganar Jikan Arɗo ta tattakin asuba, har ta sa mun fara. Saura tambaya ɗaya: wani abokin aikina ya ambaci wani wuri da ake kira Sumu, ya ce a kan hanyarmu yake. Ya cancanci a tsaya, ko ɓata lokaci ne?

Maman 'Yan Biyu ta amsa:

Ya cancanta, Malam, amma a dawowa. Sumu yana Ƙaramar Hukumar Ganjuwa, ta wajen Kafin Madaki, a hanyar da za ku bi tsakanin Bauchi da Ningi. A can aka ajiye dabbobin da aka kawo daga Namibiya a 2006, irin su raƙumin dawa da jakin dawa, waɗanda ba a sa ran ganinsu a Yankari, kuma da yake wurin ƙarami ne, ba a shan wahalar nemansu. Ku baro Wikki da sassafe domin ku isa kafin rana ta take, ku kuma yi waya tun kuna Bauchi ku tabbatar akwai wanda zai zagaya da ku a ranar. In lokaci ya ragu, a cikin garin Kafin Madaki akwai tsohon gidan Madaki na ƙarni na 19, ginin ƙasa na shahararren maginin nan Babban Gwani, wanda malama za ta so ta ga bakan gizon da ke riƙe da rufinsa. Amma ku sa ido a agogo, ku bar yankin kafin azahar ta yi nisa domin ku shiga Kano da sauran rana.